Shirin BEPC da Bak a yankin Cadawa: me ya sa hadda kaɗai ba ta fid da ɗalibi a Ingilishi da shimi?

Da zarar zafin watan Afrilu ya kankama, duk wanda ya bi babbar hanya ta ɗaya da dare, daga Gidan Runji ya ratsa Maradi zuwa Cadawa da Agye da Gazawa, zai riƙa cin karo da yara riƙe da kaye a ƙarƙashin fitilun bakin titi da na ƙofar shaguna, suna kai da kawo suna maimaita darasi. Ƴan ajin troisième ne masu jiran BEPC, da ƴan terminale masu jiran Bak. Ƙwazonsu ba abin shakka ba ne. Matsalar ita ce akwai darussa biyu da wannan salon bita ba ya ci a kansu: harshen Ingilishi da kimiyyar sinadarai, wadda ƴan makaranta suka fi sani da shimi. Dukansu biyu aiki suke so, na baki da na hannu.

Yadda ake lissafin maki

Ana ba kowace takarda maki a kan 20, kuma matsakaicin 10 ake nema. Sai dai darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane darasi yana da lambar da ake ninka makinsa da ita, wato coefficient. A Bak, wanda hukumar OBEECS ke shiryawa, ƴan sashen C da D suna ɗaukar shimi haɗe da fizik a takarda guda mai nauyi sosai, yayin da harsuna ke cikin manyan darussan ƴan sashen A.

Ga misali domin iyaye su gane. Idan nauyin darasi 4 ne, yaro ya tashi daga maki 6 zuwa 10, to maki 16 ya ƙara a jimillarsa. A darasi mai nauyin 1 kuwa, ko ya tashi daga 6 zuwa 16, maki 10 kacal ya samu. Don haka aikin farko na mai bita shi ne ya tambayi mushensa nauyin kowane darasi a sashensa, ya rubuta a bangon kaye, ya raba lokacinsa a kan haka. Yawancin yara sun fi daɗewa a kan darasin da suke so, alhali makin da zai tsallakar da su yana cikin wanda suke gudu.

Ingilishi: shekara huɗu ko bakwai, amma baki a rufe

Ɗalibin Nijar yana fara Ingilishi a ajin sixième. Kafin BEPC ya yi shekara 4 yana koyonsa, kafin Bak shekara 7. Duk da haka da yawa ba sa iya haɗa jimla biyar a jere. Dalilin a fili yake: yaro yana tunani da Hausa, yana karatu da Faransanci, Ingilishi kuma sai a cikin aji, inda a cunkoson ɗalibai zai iya yin wata guda bai buɗe baki ba.

Kurakuran da ke cinye maki sanannu ne, kuma akasarinsu daga Faransanci suke tsallakowa. Yaro zai rubuta «I have seventeen years» domin haka ake faɗin shekaru da Faransanci, alhali «I am seventeen» ne daidai. Zai ɗauka library shagon sayar da littattafai ne saboda librairie, alhali ɗakin karatu ne. Zai fassara actually da «a halin yanzu» saboda actuellement, alhali ma'anarsa «a gaskiya». Attend halartar wuri ne, ba jira ba. Sai rikicin since da for: na farko yana bin lokacin da abu ya fara, na biyu yana bin tsawon lokacin. Daga Hausa kuma akwai haɗa sautin p da f, har pull da full su zama abu ɗaya a baki, daga nan su zama ɗaya a rubuce.

Maganin ba shi da tsada. Na farko, karatu da ƙarfi na minti 15 kullum, domin kunne ya ji abin da baki ya faɗa. Wannan yana amfani ko jarrabawar ta rubutu ce ko ta baki. Na biyu, aikatau masu canza siffa, irin su go, went, gone, kada a haddace su jeri guda kamar karatun allo. A ɗauki biyar a rana, kowanne a saka shi a jimla game da gida ko gona ko kasuwa. Na uku, a takardar fahimtar nassi, a fara karanta tambayoyin kafin nassin, sannan a amsa da cikakkiyar jimla ba a kwafo sakin layi ɗungum ba. Na huɗu, rubutun insha'i: layi 10 a kan abin da yaro ya sani, kamar ranar kasuwar Cadawa ko haƙon aya, sau biyu a mako, a kai wa mushe ko wani na gaba ya gyara. Jimloli gajeru marasa kuskure sun fi dogaye masu kwan-gaba-kwan-baya samun maki.

Yaran wannan yanki suna da abin da wasu ba su da shi. Katsina na nan kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma Hausar da suke ji cike take da kalmomin da aka aro daga Ingilishi: mota, tebur, bokiti, fensir, asibiti. Rediyo ma yana kamo labaran Ingilishi. Abin kiyayewa ɗaya ne: Turancin tasha da na kasuwa, wato burokin, yana biyan buƙatar ciniki, amma mai gyaran takarda jan biro zai bi shi da shi.

Shimi: ɗakin gwaji yana cikin madafa

Ba kowace makarantar karkara ke da ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma inda yake ba lalle ne a samu kayan aiki ba. Sai yaro ya haddace cewa ruwa kaza yana sauya launi, bai taɓa gani da idonsa ba. Ranar jarrabawa aka juya tambayar kaɗan, shi ke nan ya ɓace. Amma rabin abin da ke cikin littafin yana cikin gidajen Cadawa.

A ɗauki darasin asid da bas. Ma'aunin pH yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa 7 ne, ruwan lemun tsami wajen 2, ruwan sabulu kuma sama da 7. A jiƙa soɓorodo a raba shi kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi don kwatanci. Aikin da BBT ke yi ke nan a littafi, inda yake zama rawaya a asid, kore a tsaka-tsaki, shuɗi a bas. Uwar da ke jefa ƴar kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami, abin da mushe ke kira neutralisation take yi. Idan kuma aka ɗiga lemun tsami a kan garin kanwa, kumfar da ke tashi iskar CO2 ce.

Darasin ƙonewa yana kan murhun gas. Harshen wuta shuɗi alamar ƙonewa cikakkiya ce. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, iska ba ta isa ba. Irin wannan ƙonewa ce ke fitar da iskar CO, mara launi mara wari, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Gas ɗin kwalba yawancinsa butane ne, C4H10, kuma daidaita lissafin ƙonewarsa tambaya ce da ke yawan dawowa: 2 C4H10 + 13 O2 suna ba da 8 CO2 + 10 H2O. Ƙa'idar ita ce a fara da C, a bi da H, a ƙare da O. Wanda ya riƙe wannan tsari zai daidaita na methane ko propane ko da bai taɓa ganinsu ba. Wanda ya haddace lambobin kawai, butane ɗin kaɗai ya sani.

Lissafin mole da ke firgita ƴan lise kuwa yana rubuce a jikin buhun taki. Nauyin mole ɗaya na ure, CO(NH2)2, giram 60 ne, kuma 28 daga ciki azot ne. A raba 28 da 60, a samu kashi 46 da ɗoriya cikin 100, lambar da aka buga a buhun. Ma'ana, buhu mai kilo 50 yana ɗauke da azot kimanin kilo 23, yayin da buhun NPK 15-15-15 mai nauyi ɗaya yake da kilo 7 da rabi. Ɗalibin da ya iya yi wa mahaifinsa wannan bayani ya gama da babi guda. Haka matan da ke haɗa sabulu da man gyaɗa da soda, saponification suke yi, darasin da ƴan terminale ke karantawa.

Gargaɗi: gwajin gida ya tsaya a kan lemun tsami da tsamiya da kanwa da toka da gishiri. Ruwan batir da soda suna cin fata, suna makantarwa. Haɗa ruwan jabel da abu mai tsami kuma yana fitar da iska mai guba.

Tsarin makonnin ƙarshe

Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yana manta kaso mai yawa na abin da ya haddace cikin kwanakin farko, sai fa idan ya riƙa komawa kansa jifa-jifa. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa rufe littafi a gwada tuno abu ya fi sake karanta shi kama ƙwaƙwalwa. Wannan na nufin awa guda kullum na tsawon wata biyu ya fi kwanan zaune na mako ɗaya.

Babban makami shi ne takardun jarrabawar shekarun baya, da ake kira annales. A zauna da takarda guda, a rufe kaye, a sa agogo daidai da lokacin da za a bayar ranar jarrabawa, sai an gama a duba gyara. Duk kuskuren da aka yi a rubuta shi a wani ƙaramin kaye na daban, shi ne abin karantawa a daren ƙarshe. A shimi, a rubuta ƙa'idar kafin a zuba lambobi, kuma kada a manta da ma'auni, giram ne ko lita ko mole, domin hanyar aiki ma tana da nata maki ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Sakamakon jarrabawar gwaji da makarantu ke shiryawa ba abin ɓoyewa ba ne, taswira ce ta inda ramin yake.

Ƙungiyar bita ta mutum 4 ko 5 tana amfani idan kowa yana hawa allo bi da bi. Ta wuce haka, ta zama fada. Takardun da ke yawo a WhatsApp kuma a nuna wa mushe kafin a dogara da gyaransu, kuma a yi nesa da masu cewa suna da tambayoyin bana na sayarwa: ko dai damfara ce, ko kuma laifin da zai iya soke jarrabawar ɗalibi.

Rabon iyaye

Lokacin bita yana faɗawa daidai da sharar gona da saukar ruwan farko, lokacin da kowane hannu ke da daraja a gida. Ga ƴan mata kuma ga daka, ga ɗiban ruwa, ga talla. Uba ko uwa ba sai sun iya Ingilishi ba kafin su taimaka. Awa biyu da asuba kafin rana ta yi zafi, fitilar sola mai caji, da rage aike na ƴan makonni, sun isa su canza sakamako. A tabbatar kuma takardar kira da katin shaida suna hannu tun da wuri, a san cibiyar da yaro zai zauna, a nema masa masauki idan daga ƙauye zai taso.

Abin da ke gaba ya wuce takardar shaida. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ana kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi, wanda zai ƙara cuɗanya da ƙasar da Ingilishi ne harshen takardunta. A ɓangaren shimi, matatar mai ta SORAZ a Damagaram tana aiki tun 2011, kuma karatun likita da na aikin gona a jami'ar Maradi duk ta wannan ƙofa ake shigarsu. Jami'ar ma sunan Dan Dicko Dankoulodo take ɗauke da shi, haifaffen Maradi, masanin kimiyyar sinadarai wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi a zamanin shugaba Diori Hamani.

Kofin soɓorodo, buhun taki da rediyo suna nan a kusan kowane gida daga Gidan Runji har Gazawa. Abin da ya rage shi ne a fara tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya.