Wutar Gaggawa A Jirgin Sama: Me Ya Sa Ake Hana Shiga Da Babban Fawa Bank?

A Kankia da Kusada, kamar sauran garuruwan da KEDCO ke raba wa wuta, fawa bank ya zama abokin tafiyar waya. Da an ɗauke wuta, mai POS a bakin tasha da ɗalibin makarantar kiwon lafiya da mai sayar da data duk wajensa suke komawa. Shi ya sa yanzu aka fi rububin manya, masu 30,000mAh ko 50,000mAh, waɗanda ke iya cika waya sau da yawa kafin su mutu.

Sai dai akwai wurin da girman fawa bank ke zama matsala, wato filin jirgin sama. Matashin da ya tara kuɗi ya saya wa mahaifinsa maniyyaci mai 50,000mAh don kada caji ya yanke masa a Mina, zai iya jin labarin cewa an karɓe shi tun a wurin binciken kaya na filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina. Dokar ba ta Najeriya kaɗai ba ce, ta duniya ce. Hanya mafi sauƙi ta gane dalilinta kuwa ita ce a duba yadda shi kansa jirgin yake tanadar wutar gaggawa, da irin tsoron da masu ƙera shi ke yi wa batir.

Idan wuta ta ɗauke a sararin sama

Jirgin sama yana samar wa kansa wuta ne daga janaretocin da ke haɗe da injinansa. Muddin inji na juyawa, akwai wuta. Tambayar da injiniyoyi ke fara yi ita ce: idan duk janaretocin suka mutu lokaci guda fa?

Amsar hawa-hawa ce. A yawancin manyan jirage da jiragen alfarma na attajirai da shugabanni akwai ƙaramin inji a wutsiya, ana kiransa APU. Shi ne tamkar janaretan bayan gida. Bayan shi akwai batira, masu karɓar aiki nan take ba tare da jiran kowa ba. Wasu jiragen kuma suna da hawa na uku: wata 'yar farfela da ke ɓoye a jikin jirgi, ana kiranta RAT. Idan komai ya ƙwace sai ta faɗo waje, iskar gudun jirgi ta juya ta, ta samar da wutar da za a iya sarrafa jirgi da ita.

An ga amfanin waɗannan a zahiri. Ranar 24 ga Agusta, 2001, man jirgin Air Transat da ya taso daga Toronto zuwa Lisbon ya tsiyaye a saman Tekun Atlantika, injina biyu duk suka mutu. Farfelar nan da batira ne suka riƙe na'urorin tuƙi har matuƙa suka sauke shi a tsibiran Azores da mutum 306, babu wanda ya rasu. Haka ranar 15 ga Janairu, 2009, da tsuntsaye suka kashe injinan jirgin US Airways jim kaɗan bayan tashinsa daga New York, cikin abubuwan farko da Kyaftin Sullenberger ya yi akwai kunna APU. Jirgin ya sauka a kan Kogin Hudson, mutum 155 duk suka tsira.

Dokar minti biyar da ta zama tsohon yayi

Tsohuwar ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce dole babban jirgi ya iya ci gaba da tafiya lafiya na aƙalla minti biyar ba tare da wutarsa ta yau da kullum ba, a yanayi mai kyau. An rubuta ta ne a zamanin da sandar matuƙi ke haɗe da fukafukai ta hanyar wayoyin ƙarfe da bututun mai. Ko babu wuta, ana iya juya jirgi.

Jiragen alfarma na zamani sun sauya lissafin. Falcon 7X na kamfanin Dassault na Faransa, wanda ya fara aiki a 2007 kuma akwai irinsa a cikin jiragen fadar shugaban Najeriya, kwamfuta ce ke isar da umarnin matuƙi zuwa fukafukai. Haka Gulfstream G650 na Amurka. A irin wannan jirgi, yankewar wuta daidai take da yankewar sitiyari, don haka minti biyar ba su isa komai ba. Shi ya sa FAA ta riƙa gindaya wa irin waɗannan jirage sharuɗɗa na musamman kafin ta ba su lasisi: dole mai ƙerawa ya nuna cewa jirgin zai ci gaba da tafiya, a iya ƙoƙarin sake tayar da injinansa, kuma ya sauka lafiya, duk da wutar gaggawa kaɗai.

Daga irin waɗannan dokoki ana iya tsamo ginshiƙai huɗu. Na farko, wutar gaggawa ta zama mai cin gashin kanta, ta yadda abin da ya kashe babbar wuta ba zai kashe ta ba. Na biyu, a rage mata kaya: da zarar an koma kanta, ana yanke kicin ɗin jirgi da talabijin na fasinjoji, a bar wa rediyo da na'urorin tuƙi. Na uku, a riƙa gwada ta a kan lokaci, domin batirin da ke nuna ya cika ba lallai ne ya iya ɗaukar nauyi ba. Na huɗu, kuma shi ne ya fi shafar masu waya, a tanadi abin da za a yi idan batirin gaggawar da kansa ya kama wuta.

Ranar da mai ceto ya zama abin tsoro

Batirin litiyam, irin wanda ke cikin kowace waya da fawa bank, yana tara wuta mai yawa a ƙaramin jiki marar nauyi. Wannan ne ya sa masu ƙera jirage suka yi sha'awarsa. Matsalarsa ita ce a cikin kowane ƙwayar batir akwai siririn shamaki da ya raba ɓangarori biyu. Idan ya huje, ko saboda faɗuwa, ko zafi, ko caji fiye da ƙima, ko kuskuren masana'anta, sai zafi ya fara haifar da ƙarin zafi. Ƙwaya ɗaya ta kama, ta harbi ta kusa da ita, har a ƙone gaba ɗaya.

Jirgin alfarma ne ya fara ɗanɗana wannan. A 2011, batirin litiyam na wani Cessna Citation CJ4 ya kama wuta a ƙasa bayan an jona jirgin da na'urar ba da wuta ta waje. FAA ta fitar da umarnin gaggawa cewa a cire wannan batir daga jiragen samfurin, a mayar da tsofaffin nau'o'in batir masu nauyi.

Sai kuma Boeing 787. Ranar 7 ga Janairu, 2013, batirin wani 787 na Japan Airlines ya kama wuta a filin jirgin Boston. Kwana tara bayan haka wani na kamfanin ANA ya yi saukar gaggawa a Japan saboda batir. Aka dakatar da duk jiragen 787 na duniya sama da wata uku. Gyaran da Boeing ya yi yana da darasi: ya ƙara shamaki tsakanin ƙwayoyin batirin, ya kulle shi a akwatin ƙarfe, sannan ya sa bututun da zai fitar da hayaƙi wajen jirgi. Ma'ana, injiniyoyi sun ɗauka cewa wata rana zai iya sake kamawa, sai suka yi masa ɗakin da wutar ba za ta fita ba. Ethiopian Airlines ne ya fara dawo da jirgin aiki ranar 27 ga Afrilu, 2013.

Batirin jirgi yana da akwatin ƙarfe da na'urorin sa ido. Fawa bank ɗin fasinja kuwa roba ce kawai ta rufe shi, kuma babu wanda ya san sau nawa ya faɗi ƙasa. Daga nan dokokin fasinja suka samo tushe.

Abin da dokar ta ce wa fasinja

Ba a saka fawa bank a jakar da za a auna a tura cikin cikin jirgi. Sai dai a riƙe shi a jakar hannu. Dalili shi ne idan ya fara hayaƙi a inda mutane suke, ma'aikata za su gani su sanyaya shi da ruwa. A ɗakin kaya kuwa babu mai iya kai hannu. Haɗarin jirgin dakon kaya na UPS a Dubai ranar 3 ga Satumba, 2010, wanda ya kashe matuƙa biyu, gobara ce da ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da dubban batiran litiyam. Daga 1 ga Afrilu, 2016, hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar batiran litiyam masu caji a matsayin kayan dako a jiragen fasinja.

Sai maganar girma. Kamfanonin jirage ba da mAh suke aunawa ba, da Wh suke yi. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000.

- 10,000mAh ya kama 37Wh
- 20,000mAh ya kama 74Wh
- 27,000mAh ya kama kusan 100Wh
- 30,000mAh ya kama 111Wh
- 50,000mAh ya kama 185Wh

Wanda bai wuce 100Wh ba ana shiga da shi. Daga 100Wh zuwa 160Wh sai da izinin kamfanin jirgi, kuma ba a wuce guda biyu. Abin da ya haura 160Wh ba ya shiga jirgin fasinja kwata-kwata. Ke nan mai 20,000mAh ya tsallake, mai 30,000mAh yana buƙatar izini, mai 50,000mAh kuwa sai dai ya zauna a gida. Idan rubutun da ke jikinsa ya goge har ba a iya karanta ƙarfinsa, jami'ai na iya ƙin barin sa ya wuce.

Dokar ta ƙara tsauri bayan 28 ga Janairu, 2025, ranar da jirgin Air Busan ya ƙone a Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da mutum 176 da ransu, kuma bincike ya karkata ga wani fawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Daga Maris na shekarar Koriya ta Kudu ta hana ajiye shi a wannan ma'ajiya. Daga ƙarshen Yuni, Chaina ta hana shiga jiragen cikin gida da duk wanda ba shi da tambarin inganci na CCC, abin da ya kamata 'yan kasuwar waya masu zuwa Guangzhou su lura da shi. Emirates kuma daga 1 ga Oktoba, 2025, ya hana amfani da shi a cikin jirgi: mutum ɗaya, fawa bank ɗaya, ƙasa da 100Wh, ba a caji da shi, ba a kuma caja shi. Tunda kowane kamfani na iya ƙara nasa sharaɗin, duk mai shirin Hajji ko Umara ya tambayi kamfanin da zai ɗauke shi ko jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa kafin ya ɗaure kaya.

Darasin da ya shafi wanda bai taɓa hawa jirgi ba

Batirin da ake tsoro a sama shi ne dai wanda ke kwana a kan katifa a ƙasa. Hasali ma zafin Afrilu da Mayu a jihar Katsina, da kan haura digiri 40, ya fi matsa masa, domin masu ƙera irin wannan batir ba sa so a caja shi a zafin da ya wuce digiri 45. Fawa bank ɗin da aka bari a gaban gilashin mota da rana tsaka, ko a shagon caji mai rufin kwano inda aka jibga wayoyi kan juna, yana iya wuce wannan iyaka.

Ginshiƙan nan huɗu na jirgi suna aiki a gida ma:

- Cin gashin kai. Kada a jona waya da fawa bank da fitila duk a soket ɗaya mai araha. Idan wuta ta dawo da ƙarfi, za ta iya tafiya da su baki ɗaya.
- Rage kaya. Mai inbata da sola ya ware layin fitilu da fanka da caji daban, kada dutsen guga ko hita su hau kan batir.
- Gwaji. A riƙa lura da sau nawa yake cika waya. Idan ya ragu sosai, ko yana zafi ba gaira ba dalili, ya tsufa. Wanda aka rubuta wa 50,000mAh amma bai fi ƙaramar waya nauyi ba, rubutun ƙarya ne.
- Killacewa. A yi caji a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule da jarkar fetur. Kada a tusa shi ƙarƙashin matashi.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Kada a danne shi, kada a huda shi, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta. Idan ya fara hayaƙi, a cire caja daga bango idan hakan zai yiwu ba tare da haɗari ba, a nisanta mutane saboda hayaƙinsa guba ne, sannan a zuba ruwa mai yawa. Bayan ya mutu a bar shi a fili, domin yana iya sake kamawa. A cikin jirgi kuwa, idan waya ta faɗa tsakanin kujeru, a kira ma'aikaci kafin a motsa kujerar, don kada ƙarfe ya matse batirin.

Mai shirin sayen fawa bank, a Kankia ne ko a Farm Centre ta Kano, ya juya shi ya karanta bayansa kafin ya biya: sunan kamfani, mAh, da Wh. Idan na tafiya ne, 20,000mAh na kamfanin da aka sani ya wadatar, zai kuma wuce wurin bincike lami lafiya.