Mille Miglia: Ayarin Tsofaffin Motoci A Kan Tsaunukan Italiya

A kowace shekara idan sanyin Turai ya wuce, birnin Brescia da ke arewacin ƙasar Italiya yakan cika ya batse da baƙi daga sassan duniya dabam-dabam. Abin da ke tara su kuwa shi ne wani ayari na tsofaffin motocin tsere fiye da 400, waɗanda ƙaramar cikinsu ba ta gaza ƙirar shekarar 1957 ba. Motocin sukan tashi daga Brescia ɗaya bayan ɗaya, su gangara kudu har birnin Roma, sannan su juyo su keto tsaunukan Apennini su dawo inda suka fito. Sunan wannan tafiya Mille Miglia, wato mil dubu da harshen Italiyanci. Masu karatunmu da ke da 'yan'uwa a can, da yake lardin Brescia na cikin wuraren da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, musamman mutanen Ghana da Senegal, wataƙila sun taɓa jin labarin jajayen motocin nan. A wannan wata mun ga ya kyautu mu kawo asalin abin, da yadda ake yin sa, da kuma rayukan da aka yi asara kafin ya zama yadda yake a yau.

Yadda aka faro

Mafarin abin dai kishin gari ne. A shekarar 1921 an yi babban tseren motoci na ƙasar Italiya a kusa da Brescia, amma shekara na zagayowa sai aka ɗauke shi aka kai sabon filin tsere na Monza, kusa da birnin Milan. Wannan bai yi wa mutanen Brescia daɗi ba. Sai wasu mutum huɗu, Aymo Maggi da Franco Mazzotti da Renzo Castagneto da ɗan jarida Giovanni Canestrini, suka haɗa kai suka ƙirƙiro nasu tseren, wanda ba a cikin fili za a yi shi ba, a kan hanyoyin da kowa ke bi za a yi, daga Brescia zuwa Roma a dawo, tafiyar kimanin kilomita 1,600.

An yi na farko a watan Maris na 1927, motoci 77 suka tashi. Ferdinando Minoia da Giuseppe Morandi ne suka zo na ɗaya cikin wata mota ƙirar OM, wadda a Brescia ɗin ake ƙera ta, bayan sun shafe awa 21 da 'yan mintoci a hanya. Daga nan abin ya karɓu. Kamfanin Alfa Romeo ya ci sau 11, Ferrari sau 8, shi kuwa direba Clemente Biondetti shi kaɗai ya ci sau huɗu, a 1938 da 1947 da 1948 da 1949. Baƙo na farko da ya ƙwace kambin daga hannun 'yan gida shi ne Bajamushe Rudolf Caracciola, a 1931, cikin Mercedes.

Abin da ya sa talakawan Italiya suka ɗauki tseren nasu shi ne, ba manyan kamfanoni kaɗai ke shiga ba. Mai gareji da ɗan kasuwa da likitan ƙauye duk suna iya fitowa da motarsu, har 'yan ƙananan motocin Fiat da ake kira Topolino sun sha yin wannan tafiya. Ƙananan motoci ake fara sallama tun da dare, manyan kuwa sai gari ya waye, ana barin tazarar minti ɗaya tsakanin mota da mota.

Mota mai lamba 722

Daga 1949 aka soma rubuta wa kowace mota lokacin tashinta a matsayin lambarta, domin ɗan kallo da ke bakin hanya ya duba agogonsa ya san wanda ke gaba. Shi ya sa motar da ta fi kowace suna a tarihin tseren take ɗauke da lamba 722: da ƙarfe 7 da minti 22 na safe ta bar Brescia, ranar 1 ga watan Mayu, 1955. Mercedes-Benz 300 SLR ce, Stirling Moss ɗan ƙasar Ingila ke tuƙi, ɗan jarida Denis Jenkinson na zaune a gefensa.

Kafin ranar, su biyun sun bi hanyar sau da dama suna rubuta kowace kwana da kowane tudu da kowace gada. Jenkinson ya tattara bayanin a kan wata doguwar takarda mai tsawon kusan mita biyar da rabi, ya naɗe ta cikin ɗan akwati, yana murzawa yana karantawa. Da yake ƙarar inji ba ta barin a ji magana, da hannu yake yi wa Moss alama: nan a rage, nan a taka. Haka suka cinye kilomita 1,597 cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, wato kimanin kilomita 157 a kowace awa, har da hawan tsaunuka da tsayawa shan mai. Juan Manuel Fangio, wanda ya zo na biyu, sai bayan kusan rabin awa ya iso. Shi kaɗai ya yi tuƙinsa. Har aka daina tseren ba wanda ya kamo lokacin Moss.

Abin da gudun ya ci

Amma fa duk wannan bajinta a kan titin da jama'a suka yi layi gefe da gefe ake yin ta, babu katanga, babu shinge. A 1938 wata mota ta ƙwace a birnin Bologna ta afka cikin 'yan kallo, mutum 10 suka mutu, 7 daga cikinsu yara ne. Aka hana tseren a shekarar da ta biyo. A 1940 an yi shi a wata gajeriyar hanya da ake zagayawa, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai sai 1947.

Bayan yaƙi motoci suka ƙara ƙarfi, hanyoyi kuwa suna nan yadda suke. Ranar 12 ga watan Mayu, 1957, dab da ƙarshen tafiya, a kusa da ƙauyen Guidizzolo, tayar wata Ferrari da Alfonso de Portago ɗan ƙasar Sifen ke tuƙawa ta fashe yana cikin tsananin gudu. Shi da abokin tafiyarsa Edmund Nelson suka mutu nan take, tare da 'yan kallo 9, biyar daga cikinsu yara. Shekara biyu kafin nan mutum fiye da 80 sun hallaka a tseren Le Mans na Faransa, saboda haka jama'a ba su da sauran haƙuri. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Italiya ta hana irin wannan tsere a kan hanyoyin jama'a. An gurfanar da Enzo Ferrari, mai kamfanin, gaban shari'a, sai a 1961 kotu ta wanke shi. Sau 24 aka yi tseren tsakanin 1927 da 1957, daga nan aka rufe babinsa.

Dawowa da sabon salo

A 1977, da tseren ya cika shekara 50 da kafuwa, sai aka farfaɗo da shi, amma da wata doka dabam. Yanzu ba wanda ya riga isa ke ci ba, wanda ya fi kiyaye lokaci ne. Motocin suna tafiya ne cikin sauran ababen hawa, dokokin hanya na kansu, 'yan sanda a kan babura suna yi musu rakiya. A wurare fiye da ɗari a kan hanya akan shimfiɗa wani siririn tiyo a kan kwalta, a ce wa direba daga wannan tiyo zuwa wancan daƙiƙa kaza za ka yi. Da tayar gaba ta taka tiyon, na'ura ta rubuta lokacin, kuma har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ake lissafawa. Wanda ya yi sauri an ci shi tara, wanda ya yi nawa ma haka. Na zaune a gefe shi ke riƙe da agogo da littafin hanya yana ƙirga wa direba, don haka idan bakinsu bai zo ɗaya ba, to, babu nasara.

Ba kowace tsohuwar mota ake karɓa ba. Sai irin ƙirar da ta taɓa shiga tseren tsakanin 1927 da 1957, kuma sai an tantance takardunta an tabbatar ba jabu ba ce. Kafin tashi akan kai motocin dandalin Piazza della Vittoria a tsakiyar Brescia a ɗaura musu hatimi. Wajen lissafin maki ana fifita motar da ta fi tsufa, shi ya sa motocin kafin yaƙi suka fi yawan ci. Andrea Vesco da Fabio Salvinelli, waɗanda suka zo na ɗaya a 2022 da 2023, da Alfa Romeo ƙirar 1929 suka yi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. A 2020 cutar korona ta sa aka ɗage tafiyar zuwa watan Oktoba, a 2023 kuma aka ƙara ta zuwa kwana biyar, tsawonta ya kai kimanin kilomita 2,200.

Gaskiya ne wannan sha'ani na masu hannu da shuni ne. A 2022 an sayar da wata 'yar'uwar motar Moss, 300 SLR mai rufi, a kan Yuro miliyan 135. Amma kallo kyauta ne, kuma a ƙauyukan da ayarin ke ratsawa tsofaffi sukan fito da kujeru su zauna bakin hanya, 'yan makaranta na kaɗa tutoci masu hoton jar kibiya, alamar da tseren ke ɗauke da ita tun farkonsa.

A kan Futa da Raticosa

Wurin da ake gane direba shi ne tsakanin Firenze da Bologna, inda tsohuwar hanya ke hawa mashigin Futa, mai tsayin mita 903, sannan ta ƙara hawa zuwa Raticosa, mai mita 968, kafin ta gangara. Tafiyar kilomita ɗari ce da 'yan kai, kwana a kan kwana, kuma duk shekarar da ayarin ya biyo ta nan dubban mutane kan hau tsaunin tun da safe su jira. A nan Futa akwai maƙabartar sojojin Jamus da ke ɗauke da kaburbura fiye da 30,000, domin an gwabza ƙazamin yaƙi a tsaunukan a 1944.

Hawa yana wahalar da tsohuwar mota ta fuska biyu. Iska tana raguwa idan aka yi sama, inji kuwa da iska yake cin mai, saboda haka a tsayin mita dubu yakan yi asarar kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Ga shi kuma mota na tafiya a hankali cikin ƙaramar giya, iskar da ke bugun lagireto ba ta da yawa, ruwa kuma ya fi saurin tafasa a kan tudu. Shi ya sa idon direba ba ya barin allurar zafi.

Gangara ta fi hawa hatsari. Yawancin waɗannan motoci birkinsu irin na da ne, mai ganga. Idan aka daɗe ana taka shi, gangar takan yi zafi ta buɗe, fatar birkin ta daina kamawa, man birki ma yana iya tafasa, sai direba ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Wannan matsala ce ta sa kamfanin Jaguar ya kawo mota mai birkin faifai tseren 1952 don gwaji, Moss ɗin nan ne ma ya tuƙa ta, kuma irin wannan birki ne ke gaban kusan kowace ƙaramar mota a yau. Su kuwa masu tsohon birki, dabararsu ɗaya ce: tun kafin a fara gangara a sauko ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi ana saki don ya huce.

Sauya giyar ma aiki ne. A motocin kafin yaƙi sai an taka kulochi sau biyu, an ɗan zuga inji a tsakani, kafin giya ta shiga ba tare da ƙara ba, abin da tsofaffin direbobin manyan motoci suka sani sarai. A wasu tsofaffin Alfa Romeo kuma totur yana tsakiya ne, birki na hannun dama, wanda duk ya manta da haka a bakin kwana ya shiga uku. Da yawansu sitiyarinsu na dama ne ko da yake a hannun dama ake tuƙi a Italiya, abin da ke ba direba damar ganin bakin hanya sosai inda rami yake.

Tafiyar ayari

Ko da yake gasa ce, tafiyar tana da ladubbanta. Ana barin tazara, ba a wuce juna a kwanar da ba a ganin gabanta, wanda ya ga na bayansa ya fi shi ƙarfi yakan raɓe ya ba shi hanya. Makanikai suna biye a baya da fulogi da bel da tiyon ruwa, kuma idan dare ya yi direbobi suka kwanta, su a lokacin aikinsu ke farawa, suna duba birki da baƙin mai da tayoyi har asuba.

Muna ganin a nan ne darasin yake ga duk mai riƙe sitiyari, ko motarsa ta miliyoyi ce ko tsohuwar motar haya ce mai ɗauke da fasinja da kaya. Taya guda ce ta kashe mutum 11 a Guidizzolo. Mota mai shekara 90 da 'yan kai tana ƙetare tsaunukan Italiya lafiya ne saboda an duba ta kafin a tashi, an sauko giya kafin gangara, kuma direban ya yarda agogo ya yi masa iyaka. Mutanen Italiya sai da suka binne yara sau biyu kafin suka karɓi wannan doka. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gida lafiya.