Ƙirar Mota a Gida: Al'adar "Hot Rod" a Ƙasar Amurka

1.0 Gabatarwa

Tun wajen shekarun 1930 wata al'ada ta kafu a ƙasar Amurka, inda mutum kan sayi tsohuwar mota ya kai ta gida, ya wargaza ta, ya rage mata nauyi, ya ƙara wa injinta ƙarfi, sa'an nan ya sake mata siffa da hannunsa. Irin wannan mota ita ake kira "hot rod". Masu bin diddigin kalmomi sun rabu biyu game da asalin sunan. Wasu sun ce an gutsuro shi ne daga sunan buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu, wasu kuwa sun ce daga sandunan ƙarfe na cikin inji ya samo asali. Kalmar farko dai tana nufin zafi, watau zafin gudu.

Wannan maƙala za ta duba asalin al'adar da matakan ƙirar, musamman yadda ake sarrafa fallen ƙarfe da kayan aikin da mutum ya ƙaga wa kansa. Manufa ita ce a nuna inda dabara take da fili a cikin aikin, da kuma inda take da iyaka, domin rashin sanin wannan iyaka ya ci rayuka.

2.0 Asalin Al'adar

Mahaifar wannan al'ada ita ce kudancin Jihar Kalifoniya. Abubuwa uku ne suka haɗu a can. Na farko, yawan tsofaffin motocin kamfanin Ford. Tsakanin 1908 da 1927 kamfanin ya ƙera fiye da miliyan 15 na samfurin Model T, sa'an nan Model A ta biyo baya har zuwa 1931. Da tattalin arziki ya karye a 1929, sai waɗannan motoci suka zama abin da saurayi mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Na biyu, a 1932 kamfanin ya fito da inji mai silinda takwas, mai ƙarfin doki 65, alhali na Model A ƙarfin doki 40 ne kawai. Nan da nan samari suka gane cewa idan aka ɗora babban inji a kan ƙaramar mota marar nauyi, to gudu ya samu. Na uku kuwa shi ne ƙafaffun tafkuna na hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, waɗanda ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, mota na iya zura gudu ba abin da zai tare ta. A 1937 ƙungiyoyin masu tsere suka haɗu suka kafa ƙungiya guda mai suna SCTA domin tsara gasa da auna gudu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da gasar, amma kuma ya ƙara wa sana'ar ƙarfi, domin samari da yawa sun koyi walda da kanikanci a aikin soja da masana'antun jiragen sama. Alal misali, Bill Burke ya lura da tankunan man da ake rataya wa jiragen yaƙi, ya ga siffarsu mai kama da kifi ta dace da keta iska. A 1946 ya sayi irin wannan tanki a gwanjon kayan soja, ya cusa masa inji da mazauni, ya mai da shi motar tsere. A watan Janairu na 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, wadda ta yaɗa al'adar a duk faɗin ƙasar. A 1949 kuma aka soma gasar shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a Jihar Yuta.

3.0 Matakan Ƙira

Mota irin ta wancan zamani kashi biyu ce: akwai shasi, watau ƙashin bayanta, wanda ke ɗauke da inji da giya da tayoyi, akwai kuma bodi, wanda ake ɗorawa a sama a ɗaure da kusoshi. Wannan rabuwa ita ta sa ƙirar gida ta yiwu, domin ana iya ɗage bodi a ajiye gefe a yi aikin kowanne daban.

Maƙeri kan fara da shasi. Yakan kankare tsatsa, ya daidaita shi a kan dandamali mai bai ɗaya, ya auna daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa, har awon biyu su zo daidai. Ƙarafan shasin Ford buɗaɗɗu ne ta gefen ciki, kamar indararo, saboda haka sukan murɗe idan injin ya yi musu ƙarfi. Maganin wannan shi ne a yanko farantin ƙarfe a toshe buɗaɗɗen gefen da walda, ya koma kamar akwati. Bayan haka sai a kafa mazaunin sabon inji.

Game da bodi, akwai ayyuka uku da suka shahara, kowanne da sunansa a bakin masu sana'ar. Na farko shi ne sara: a yanke ginshiƙan rufin mota, a cire inci 3 ko 4, a sauko da rufin. Na biyu shi ne zaunarwa: a yanke daɓen motar a ɗaga shi sama, ta yadda bodi zai sauko ya lulluɓe shasi. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne yankan ciki: a cire ɗamara guda daga tsakiyar bodi kewaye da mota, a sake haɗa sama da ƙasa.

Sara yana da wata matsala da ke ruɗin sabon shiga. Ginshiƙan mota ba a tsaye suke ƙyam ba, sun karkata ciki. Idan aka ɗauki malafa aka yanke tsakiyarta aka jefar, ƙoƙon sama ba zai hau bakin na ƙasa ba, domin ya fi shi ƙanƙanta. Haka rufin mota yake. Dole ne ko dai a tsaga rufin a ƙara masa tsawo da ƙyallen ƙarfe, ko a ƙara karkatar da ginshiƙan. Wannan ne dalilin da ya sa saran Model A, mai miƙaƙƙun ginshiƙai, yake da sauƙi, amma saran Mercury ta 1949 zuwa 1951, wanda Sam Barris da ɗan'uwansa George suka yi suna a kansa, sai gwani. Kafin a sa zarto kuma, wajibi ne a tokare cikin bodi da sandunan ƙarfe, in ba haka ba da zarar an raba rufi sai jikin ya saki, ƙofofi su ƙi rufuwa. Tun ran gini, tun ran zane.

4.0 Sarrafa Fallen Ƙarfe

A nan ne zuciyar sana'ar take. Fallen da ake yin bodi da shi kaurinsa kimanin milimita 1 ne. Lanƙwasa shi ta fuska guda ba wuya, kamar yadda ake naɗe takarda. Wuyar tana wajen ba shi siffa mai lanƙwasa ta kowace fuska, irin ta bayan ƙwarya. Duk wanda ya gwada lulluɓe ƙwarya da takarda ya ga yadda gefen takardar ke tattarewa. Domin falle ya ɗauki wannan siffa, hanyoyi biyu ne kawai: ko a miƙar da tsakiyarsa, ko a tsuke gefensa. Duk sauran dabaru rassan waɗannan biyu ne.

A masana'anta, manyan injuna ne ke matse falle ya fito da siffa a bugu ɗaya. Maƙerin gida ba shi da wannan, saboda haka a rashin uwa yakan yi uwar ɗaki. Yakan samo kututturen ice ya fafe kansa kamar akushi, ko ya ɗinka jakar fata ya cika ta da yashi. A kan ɗaya daga cikinsu yake ɗora falle ya riƙa bugunsa da gudumar katako mai zagayayyen kai. Kowane bugu yana sa ƙarfen ya yi sirara ya faɗaɗa, har tsakiya ta kumbura. Wajen tsukewa kuwa, yakan sa wani ƙarfe mai yatsu biyu ya murɗa gefen fallen ya yi tattara, sa'an nan ya bubbuga tattarar a hankali har ta nutse cikin jikin ƙarfen, gefen ya ƙara kauri ya rage tsawo.

Bayan wannan, fallen yakan fito da ƙuraje kamar buhun goro. Sai a shiga aikin lailaya. Guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa kan zama uwar maƙera. Tsohon sifirin na mota ko tsohon magagari, idan aka lanƙwasa shi aka goge, yakan zama mamari mai faɗi wanda ba ya barin tabo. Masu hali sukan haɗa wa kansu wata na'ura da ake kira gargaren Ingila, wadda ba kome ba ce illa gargare biyu na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, da ake tura falle gaba da baya a tsakaninsu har ya yi sumul. Kafin duk wannan, akan yi gwajin siffa da kwali, a kuma harhaɗa kwarangwal na katako wanda za a riƙa ɗora fallen a kai ana duba inda ya zauna da inda ya ƙi.

Idan alminiyum ake aiki da shi, bugu yakan sa ya taurare har ya tsage. Dabarar masu sana'a ita ce su shafe shi da baƙin hayaƙin wutar walda ta gas, sa'an nan su bi shi da tsabtatacciyar wuta har baƙin ya ƙone. Ƙonewar baƙin ita ce alamar cewa zafi ya kai ƙarfen ya yi laushi.

Haɗa fallaye da walda shi ma yana da ƙa'ida. Ƙarfe idan ya sha zafi ya huce yakan tsuke, ya jawo na kusa da shi, bodi ya karkace. Saboda haka ba a jan walda a tafi ɗaya. Akan ɗiga ta nan da can, a bari ta huce, a bubbuge ɗinkin a kan ƙaramar maƙera domin ya miƙe, sa'an nan a ci gaba. A da, akan rufe ɗinkin da narkakkiyar darma gauraye da kuza, a shafe ta da cokalin katako. Daga baya ƙullin roba ya maye gurbinta a yawancin garejoji.

5.0 Iyakar Dabara

Duk abin da aka zana a sama aikin fata ne. Idan maƙeri ya yi kuskure a nan, muni kawai motar za ta yi. Amma akwai sassan da kuskure a cikinsu ajali ne: shasi, da sitiyari, da birki. Waldar da ta yi kyau a ido amma ba ta ratsa ƙarfe ba takan saki a lokacin da mota ke tsakiyar gudu. Haka kuma birkin Model A na sanduna ne, an yi shi domin inji mai ƙarfin doki 40. Wanda ya ninka ƙarfin inji ya bar wannan birki ya sayi gudu bai sayi tsayawa ba. Shi ya sa tun da wuri masu hankali suka riƙa ɗauko birki mai aiki da mai, wanda Ford ya fara sa wa motocinsa a 1939.

Shi kansa aikin yana da nasa haɗari. Tsohon tankin fetur, ko da ya bushe, yakan riƙe tururin da zai fashe idan wuta ta taɓa shi. Hayaƙin ƙarfe mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi, ƙurar darma kuwa guba ce mai taruwa a jiki. Mota da aka ɗage a kan jak kaɗai, ba tare da matokari ba, ta danne mutane da dama.

Tarihi ya nuna cewa al'adar ta kusa mutuwa saboda sakaci. Bayan yaƙi, tseren samari a kan titunan gari ya jawo haɗurra, jaridu suka mai da sunan "hot rod" abin zagi, 'yan sanda suka sa musu ido. Masu kishin sana'ar suka ga cewa in ba su gyara da kansu ba, hukuma za ta hana su baki ɗaya. A 1950 aka buɗe filin tsere na ƙa'ida a wani filin jirgin sama a Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA. Aka mai da tsere cikin killataccen fili mai tsawon rubu'in mil, aka kuma wajabta duba kowace mota kafin ta shiga. Wannan dubawa ita ta koya wa maƙeran gida cewa akwai wurin da ba a yin kame-kame. Har yau ma, motar da aka ƙera a gida sai ta cika sharuɗɗan rajista na jihar da take kafin ta hau titi.

6.0 Kammalawa

Da tafiya ta yi nisa, kamfanoni sun shiga sayar da bodi da shasi shiryayyu, har ya zama mai kuɗi na iya mallakar irin wannan mota ba tare da ya taɓa guduma ba. A shekarun 1990 wasu matasa suka yi wa wannan tawaye, suka koma ga tsofaffin ƙarafa da aikin hannu, wasunsu ma suka bar tsatsa a jikin mota da gangan. Wannan ya nuna cewa abin da ake daraja a al'adar shi ne mutum ya ce da hannunsa ya yi.

Kututture da jakar yashi da guntun titin jirgi sun ishi mai haƙuri ya fitar da siffar da injin masana'anta ke fitarwa, muddin ya san inda zai miƙar da inda zai tsuke. Wannan sani kuwa a hannu yake, daga gwani ake ɗaukarsa, kuma yakan ɓace idan ba a sami masu koyo ba. Amma gwanin ƙwarai a cikinsu shi ne wanda ya ƙaga kayan aikinsa yadda ya ga dama, sa'an nan da ya zo kan shasi da birki da sitiyari ya bi awo da ƙa'ida sau da ƙafa.