Ana Iya Sanin Shekarun Yaro Daga Haƙoransa?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa sayen san noma ya san abin da ake fara yi a kara. Sai a buɗe bakinsa a duba haƙora. In manyan haƙora biyu ne a gaba, ya kai wajen shekara biyu. In takwas sun cika, ya doshi biyar. Likitocin haƙori ma suna yin haka ga 'yan Adam, amma ba abin da ya fito kaɗai suke dubawa ba. Suna ɗaukar hoton muƙamuƙi da na'urar eksire, wadda ke nuna haƙoran da ke cikin ƙashi tun ba su huda dasashi ba.

Yaro yana da haƙoran nono 20. Wajen shekara 6 yakan fara famfara, a lokacin ne kuma turmi na farko ke fitowa. Na biyu sai wajen shekara 12. Amma tun yana jariri manyan haƙoran suke ginuwa a ɓoye. Kan haƙori ne ke fara yin ƙwari, sa'an nan saiwa ta riƙa tsawo kaɗan kaɗan, bakinta a buɗe. Sa'ad da bakin saiwar ya rufe, haƙorin ya gama girma ke nan. Duk wannan hoton yana nunawa.

A shekarar 1973 wani masani mai suna Demirjian da abokan aikinsa suka auna yara a Montiriyal ta ƙasar Kanada, suka raba girman haƙori mataki takwas, daga A zuwa H. Likita yakan duba haƙora bakwai na ƙasa ta hagu, ya ba kowanne maki bisa ga matakinsa, ya haɗa, ya nemi shekarun a jadawali. Abin da ya sa aka fi amincewa da haƙori shi ne, yunwa da ciwo suna tsumbure yaro, ɗan shekara 10 ya zama kamar ɗan 7, amma ba su cika hana ginuwar haƙori ba. Muddin yaro bai wuce shekara 14 ba, kuskuren ba ya cika fin shekara ɗaya.

Daga nan ne wahala take. Wajen shekara 16 haƙoran nan bakwai duk sun rufe saiwa, saura turmi na uku, wanda Turawa ke kira haƙorin hankali. Shi kuwa ba shi da tsayayyen lokaci. Na wani ya gama girma a 17, na wani sai ya haura 22, wani ma ba shi da shi ko kaɗan. An kuma gano cewa a bakin baƙar fata yakan riga na Turawa girma. In aka auna ɗan Afirka da jadawalin da aka yi da 'ya'yan Turawa, ana iya ƙara masa shekaru.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama a shekara 18 ne doka ta raba yaro da babba. A shekarar 2017 ƙasar Siwidin ta fara ɗaukar hoton wannan turmi, haɗe da na gwiwa, don tantance samari masu neman mafaka da ba su da takarda. Wanda aka ce yaro ne yakan sami makaranta da mai riƙo, wanda aka ce babba ne ana iya mai da shi inda ya fito. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta ƙi yarda da wannan awo. A ganina tana da hujja. Likita mai gaskiya zai ce tsakanin kaza da kaza ne, ba zai ce ga ranar haihuwa ba.

Abin ya shafe mu, domin 'ya'yanmu da yawa a gida aka haife su. In ka tambayi uwa sai ta ce shekarar da fari suka cinye gero, ko damina biyu bayan an gina rijiya. Ranar da yaro zai shiga sakandare, ko aikin soja, ko ya tsaya gaban alƙali, wannan ba zai yi ba. A Nijeriya Hukumar Ƙidayar Jama'a ce ke ba da takardar haihuwa. Ku kai sunan jariri tun da wuri. Ku adana katin awon asibiti a cikin leda, inda gara ba za ta kai ba. A taronku na gaba magatakarda ya tambayi kowane gida yara nawa ne ba su da takarda, a duba ko ranar haihuwarsu tana littafin ikilisiya, a haɗa sunayen a kai ofishi gaba ɗaya.