Cinikin Takalman Hawan Dutse A Sabon Wuse Da Suleja: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Da Mai Sayarwa Su Sani

SABON WUSE, Jihar Neja — Duk matafiyin da ya biyo babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san cewa da zarar ya iso Sabon Wuse, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, ya shiga ƙasar duwatsu ke nan. Daga nan har Suleja da Madalla tuddai ne dama da hagu, uban gayyarsu kuwa shi ne Dutsen Zuma, wanda hotonsa ya hau takardar Naira 100 lokacin da aka fito da ita a 1999. Shi kansa garin na Sabon Wuse ya samo sunansa ne daga mutanen Wuse da aka tayar aka sake wa matsuguni bayan dokar 1976 da ta kafa sabon Babban Birnin Tarayya.

Tun da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, jama'ar wannan yanki suke ta ƙaruwa, bukatunsu kuma suna ta canzawa. Ɗaya daga cikin hajojin da kasuwarsu ta buɗe shi ne takalmin but mai rufe idon sawu, irin wanda aka yi domin tafiya a kan dutse. Masu bukatarsa iri-iri ne. Akwai ma'aikata da matasan Abuja da suka mai da hawan tuddai abin motsa jini a ƙarshen mako, akwai manoma da mafarauta da 'yan banga waɗanda daji ne wurin aikinsu, ga kuma masu awon filaye da masu aiki a wuraren fasa dutse. Sai dai kuma wannan haja ba kamar silifas ko kambas take ba. Wanda ya sayi wadda ba ta dace da ƙafarsa ba zai yi asarar kuɗi, wataƙila har da lafiya, ɗan kasuwar da ya sayar masa kuma ya rasa abokin ciniki.

Ƙasar ita ke zaɓen takalmi

Yawancin takalman hawan dutse da ake samu a kasuwannin Suleja da kewaye an ƙera su ne domin ƙasashen sanyi, musamman waɗanda ke shigowa cikin dilolin gwanjo. Saboda haka abu na farko da ya kamata a duba shi ne ko takalmin ya dace da yanayin nan. Wanda aka yi wa shafin gashi ko auduga a ciki domin ƙanƙara ba shi da amfani a kan dutsen da rana ta gasa a watan Maris, domin zufa za ta jiƙa ƙafa, fatar ta yi laushi, nan da nan ta yi bororo.

Duwatsun wannan yanki masu tauri ne, da yawansu kuma falale ne mai sulɓi. Da rani ƙafa tana kama su sosai, amma da damina, wato daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwa da gansakuka kan mai da su abin tsoro. A nan ne ƙasan takalmi yake da muhimmanci fiye da kome. Ana son roba ce mai ɗan taushi, mai haƙora masu zurfi da tazara tsakaninsu yadda taɓo ba zai cushe su ba, da kuma dunduniya mai kaifin baki wadda za ta riƙe mutum idan yana gangarowa. Irin wannan ƙasan takalmi wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani ne ya fito da shi a 1937, bayan wani haɗari da ya ci rayukan abokan hawansa shida a kan duwatsun Alps a 1935. Kamfanin da ya kafa, Vibram, har yau yana sa tambarinsa mai ruwan ɗorawa a ƙasan takalman kamfanoni da dama, ko da yake mai saye sai ya lura, domin akwai na jabu.

Dangane da saman takalmin kuwa, na fata zalla ya fi ƙarko, ya fi jure ƙaya da kaifin dutse, amma ya fi nauyi, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya saba da ƙafa. Na yadi da fata a haɗe ya fi sauƙi da shan iska, sai dai bai kai wancan daɗewa ba. Wasu suna ɗauke da shafin hana ruwa shiga irin na Gore-Tex, wanda aka gano sinadarinsa a Amurka a 1969. Yana da amfani da damina, amma da bazara yakan ƙara wa ƙafa zafi, kuma idan ya huje shi ke nan, ba ya gyaruwa. Nauyi ma abin lura ne. Binciken da sojojin Amurka suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa da aka goya a baya. Wannan ne ya sa takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki, wanda ya dace da wurin fasa dutse, bai dace da doguwar tafiya a kan tudu ba.

Ga manomi da mafarauci akwai wani dalilin na daban. Yawancin sarar maciji a ƙafa take samun mutum, daga tafin sawu zuwa ƙwauri. Kububuwa tana son wuraren duwatsu da busasshiyar ciyawa, ita ce kuma ta fi kowane maciji kai mutane asibitin masu sarar maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarar maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017. Takalmin fata mai kauri da ya haura idon sawu, tare da dogon wando, yana rage wannan haɗari ƙwarai, ko da yake ba ya kawar da shi baki ɗaya.

Lamba ba ita ce awo ba

Babban abin da ke jawo saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne lambar takalmi. Mutum zai ce shi 42 yake sawa, a ba shi 42, ya je gida ya tarar ya matse shi. Dalili kuwa shi ne ba tsarin awo ɗaya duniya take bi ba. A tsarin ƙasashen Turai, wanda aka fi sabawa da shi a Nijeriya, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita. A tsarin Ingila kuwa kashi ɗaya cikin uku ne na inci, wato kimanin milimita 8 da rabi. Lamba 8 ta Ingila ta yi kusa da 42 ta Turai, ita ce kuma 9 a takalman maza na Amurka. Bugu da ƙari kowane kamfani da irin ƙirarsa, wani mai faɗin baki ne, wani tsukakke. Abin da ya fi tabbas shi ne awon santimita da akan rubuta a jikin harshen takalmin, domin ana iya gwada shi da tsawon ƙafar mutum kai tsaye.

Masu sana'ar a ƙasashen da hawan dutse ya daɗe suna da ƙa'idojin gwaji da kowane mai shago zai iya koya ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ana gwada takalmi ne da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini, domin haka za ta yi a kan dutse. Ana gwadawa da irin safar da za a yi tafiyar da ita. Ana kuma gwada ƙafa biyu duka, mutum yana tsaye, saboda mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗayar, kuma babbar ake bi.

Kafin a ɗaure igiya, mai saye zai tura ƙafarsa gaba har yatsunsa su taɓa bakin takalmin. Idan yatsan hannu ɗaya ya shiga tsakanin dunduniyarsa da bayan takalmin, tsawon ya yi daidai. Idan bai shiga ba ya yi kaɗan, idan kuwa biyu suka shiga a sake ya yi yawa. Wata hanyar ita ce a zaro shimfiɗar ciki a taka ta a ƙasa, a ga ko akwai rarar da ta kai faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsan ƙafa mafi tsawo. Bayan an ɗaure, dunduniya ba za ta riƙa ɗagawa tana goga ba, yatsu kuma za su iya motsi.

Gwaji na ƙarshe shi ne na gangara, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A hawa ba a cika gane aibin takalmi ba, sai a saukowa, lokacin da nauyin jiki ke tura ƙafa gaba. Idan takalmin ya yi kaɗan, ko igiyar ba ta riƙe wuyan ƙafa ba, yatsu za su yi ta dukan baki har farce ya tara jini ya yi baƙi, daga bisani ya fita. Mai shagon da ya jingina ɗan katako a kan bulo domin abokin ciniki ya taka ya gangaro, ya yi maganin wannan matsala tun kafin a biya kuɗi. Kada kuma a yaudari mai saye da cewa takalmin zai buɗe. Fata takan ɗan saki ta faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa.

Ciwon da ke ɓoye a gwanjo

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, farashin kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa kuma suka koma ga gwanjo. A cikin dila akan dace da takalma masu nagarta a farashi mai rahusa, amma akwai wata illa da ido ba ya gani. Kamfanoni da yawa suna yin tsakiyar ƙasan takalmi da wani soso da ake kira foliyuretan. Wannan soso yana shan laimar iska sannu a hankali har ya ruɓe, ko da ba a taɓa sa takalmin ba, zafi da laima irin na damina kuma suna hanzarta ruɓewar. Sai a ga takalmi fes kamar sabo, amma a tafiyar farko ƙasansa ya ɓare ko ya marmashe kamar busasshen burodi, a bar mutum ba takalmi a tsakiyar dutse.

Gano wannan ba shi da wuya. A danna farce a gefen soson, a lanƙwasa takalmin, a murɗa shi. Idan ya yi danƙo, ko ya tsage, ko gari ya zubo, to ya gama aiki, gam ba zai cece shi ba. Ɗan kasuwar da ke sayen dila ya kamata ya yi wannan tantancewa tun ranar da ya kwance ta, ya ware na banza, ya lissafa asararsu cikin farashin sauran. Haka kuma a duba ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, domin irin wannan takalmi ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko, yana kuma iya jawo wa na biyu targaɗe.

Ina masana'antun gida?

Abin mamaki shi ne ƙasar da ta shahara da fata tun zamanin fataucin Sahara ita ce ke dogara da takalman da wasu suka gama sawa. Fatar jan akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can take bi ta isa gare su. Har yanzu Kano ce cibiyar jima, da masana'antunta a Challawa da Sharaɗa, ga dukawa a kasuwar Ƙofar Wambai da ta Kurmi. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken fata da koyar da sarrafa ta, a Aba kuma dubban masu ɗinkin takalma ne ke aiki a kewayen kasuwar Ariyariya, cikinsu har da masu yin but irin na jami'an tsaro.

Matsalar ta kasu kashi biyu. Fatun awaki da tumaki da majemun Kano suka fi sarrafawa na fitarwa waje ne, kuma sun yi laushi ga takalmin dutse, wanda ke bukatar ƙirgin saniya mai kauri. Shi kuwa ƙirgi mafi yawansa tukunya yake shiga a matsayin ganda kafin ya kai ga majemi. Na biyu, ƙasan takalmi mai kama dutse da gam mai ƙarfi yawanci daga waje ake kawo su. Duk da haka akwai gurbi ga mai ƙaramin jari. But ɗin da aka ɗinke ƙasansa da zare maimakon a manna shi da gam kawai, kowane ƙwararren mai gyaran takalmi a Suleja zai iya canza masa ƙasa idan ya cinye, kuma ba ya fama da ciwon ruɓewar soso. Wanda ya iya auna ƙafar mutum ya ɗinka masa daidai da ita yana da abin da dilar gwanjo ba ta da shi.

Bayan an biya kuɗi

Ciniki ba ya ƙarewa a bakin shago. Sabon takalmi, musamman na fata, ana fara sa shi ne a gida da cikin unguwa na 'yan kwanaki kafin a kai shi kan dutse. Safar auduga tana riƙe zufa, don haka ta ulu ko ta zaren roba mai ɗan kauri ta fi. Idan takalmi ya jiƙe, a cire shimfiɗarsa, a cusa masa tsohuwar jarida, a bar shi a inuwa, domin wuta da zafin rana suna busar da fata su kuma saki gam. Da hunturu fata tana bukatar mai don kada ta tsattsage. Sa'an nan duk wanda ya kwana a daji ya zazzage takalminsa da safe saboda kunama.

Ga mai sayarwa, riba tana tattare da waɗannan 'yan bayanai. Masu hawan dutse ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, manoma da mafarauta kuma sun san juna, saboda haka labarin takalmin da ya ɓare a hanya ba ya kwana, haka ma labarin shagon da aka auna ƙafa aka ba mutum daidai da shi. Abin da ake bukata bai wuce abin awo, da safa ta gwaji, da katakon gangara, da kuma yarjejeniyar canza takalmin da ba a taka waje da shi ba cikin 'yan kwanaki. Hausawa sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau, kuma a kasuwar da ake sayen haja sau ɗaya cikin shekaru, abokin cinikin da ya dawo da ɗan'uwansa shi ne jarin mai shago.