ADON ƊAKI BA SAI DA BASHI BA

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Maganar tana da gaskiyarta a wajen tufafi da dawaki, amma a wajen gyaran ɗaki akwai inda ba ta kai ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka cunkusa wa kaya masu tsada har numfashi ma da ƙyar, sa'an nan ya shiga wani wanda ba kome cikinsa sai gado da tabarma da labule, amma ga shi tas, ga iska ga ƙamshi, ya san wanda ransa ya fi kwanciya da shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kome ya tashi, har a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Katifa da kujeru da yadin labule ba su tsira ba. Duk da haka gasar kayan ɗaki ba ta ragu ba. Uba yakan sayar da gonarsa don ya yi wa 'yarsa kayan fita kunya, wani auren a yi ta ɗaga shi don gado da kujeru ba su haɗu ba, uwargida kuwa ta karɓi kaya bashi wajen dillaliya saboda sallah ko suna, ta shekara tana ɓuya.

YADDA IYAYENMU SUKA YI

Son adon ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da, idan za a kai amarya, mata sukan taru su yi daɓe, suna buga ƙasa da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasar ta yi santsi da ƙarfi. Bango a shafe shi da farar ƙasa. Daga nan sai jere: da farko ƙorai ne masu zane, aka koma tasoshin tagulla, aka zo kan langa da fanteka da sauran kwanuka masu fenti, daga baya tangaran da gilashi suka shigo cikin kabet. Gado ma haka ya bi, daga na ƙasa da na kara zuwa na ƙarfe mai rumfa, zuwa na katako. Lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, sai kujerun kushin da rediyo suka yawaita a gidaje.

Abin lura a nan shi ne, jeren da ake yi a da ado ne kuma asusu ne. Ba a rana ɗaya ake sayensa ba. Uwa takan fara tara wa 'yarta kwanuka tun tana ƙarama, da ribar ƙuli-ƙuli ko kaɗi ko kitso, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wata lalura ta taso, mace takan sauke tasa biyu ko uku ta ba dillaliya, ta yi maganin matsalarta ba tare da kowa ya ji ba. Yawancin kayan yau ba su da wannan amfani. Gado da kabet da ake yi da allon garin katako wanda aka matse, suna da ƙyalli ranar da aka kawo su, amma da ruwa ya taɓa su sai su kumbura, in an tashi ƙaura kuwa ƙusoshinsu su saki, wanda zai saye su ko da rabin kuɗi ma sai an nema. Saboda haka kafin a fitar da ko kwabo, ya kamata a tambayi kai: wannan abu zai kai shekara nawa, kuma in na tashi rabuwa da shi me zan samu?

A FARA DA ABIN DA BA YA CIN KUƊI

Mataki na farko ba ya bukatar zuwa kasuwa. A fitar da kome waje, a share, a kakkaɓe yana, a wanke tagogi, sa'an nan a tsaya a dubi ɗakin yadda yake. Abin da ya shekara ba a taɓa shi ba, a sayar ko a bayar. Tufafin da ba lokacinsu ba su shiga akwati ko adaka a ƙarƙashin gado. Idan an tashi mai da kaya, kada a tare taga da kabet ko durowa, kuma a bar hanya daga ƙofa zuwa gado. Ƙaramin ɗaki da babbar kujera ba sa jituwa, kome kyanta.

Mataki na biyu shi ne gyaran abin da ya lalace. Rufin da ke yoyo, bangon da ya tsage, ƙofar da gara ta fara ci, ragar sauro da ta yage, waɗannan su ne farko. Wanda ya shafa fenti a kan bango mai danshi ya zubar da kuɗinsa, domin kafin damina ta fita fentin zai ɓaɓɓake. Mutanenmu da ke zaune a Ikko da Badun da Fatakwal, inda ruwan sama ke da yawa, su suka fi bukatar kula da wannan, kuma su bar ɗan rata tsakanin kayan katako da bango don iska ta riƙa ratsawa.

BANGO DA HASKE

Babu abin da ke sake kamannin ɗaki da kuɗi kaɗan kamar fenti. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, galan biyu masu lita huɗu-huɗu na fentin ruwa sukan ishe shi shafi biyu, in bangon mai santsi ne. Maigida da yaransa suna iya yin aikin a yini guda. Launi mai haske, kamar fari ko ruwan madara ko ruwan ƙwai mai sanyi, yana sa ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi, launi mai duhu kuwa yana matse shi. Inda yara ke goga hannu, a shafa fentin mai daga ƙasa zuwa ƙugu, don shi ana iya goge shi da tsumma. Gidan ƙasa kuwa farar ƙasa ta fi dacewa da shi, ga araha, ga shi ba ta hana bango fitar da danshi.

Akwai gargaɗi a nan. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka ɗaruruwan yara. Don haka in za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu, a kuma goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Game da haske, ƙwan lantarki irin na zamani mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, ba ya kuma ɗumama ɗaki. Madubi guda da aka rataye daura da taga yana ninka hasken rana. Wayar lantarki kuwa kada a kuskura a bi da ita ta ƙarƙashin kafet ko bayan labule, gobara da yawa daga nan take tashi.

NA GIDA MA ADO NE

Kafet mai gashi daga bango zuwa bango yana da tsada, yana tara ƙura lokacin hunturu, in yaro ya ɓata shi kuma wankinsa aiki ne. Leda mai kauri, da darduma guda a tsakiya ko tabarmar kaba mai launi, sun fi shi sauƙin kuɗi da sauƙin shara. Labule ba dole sai na kanti ba. Yadi mai kauri kaɗan, a kai wa telan unguwa, a ɗinka rigunan filo da ragowar, sai ɗaki ya zama kamar an tsara shi da gangan. Launi biyu ko uku sun isa.

Abin mamaki shi ne, kayan da baƙi ke zuwa daga Turai su saya su rataye a gidajensu, mu a nan raina su muke yi. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, cike take da tumtum na fata da faifai da ƙorai masu zane. Marinar Ƙofar Mata tana nan tana rina zannuwan baba da za su yi kyau a kan gado ko a bango. Ga tagullar Bida, ga tukwane irin waɗanda suka ɗaukaka sunan Ladi Kwali har aka sa hotonta a takardar naira 20. Faifai biyar da aka jera da tsari a bango sun fi hoton roba na kanti kwarjini, kuɗin kuma ya shiga aljihun masu sana'armu.

TSOHO, GWANJO DA GIDAN HAYA

Kafin a jefar da tsohuwar kujera, a kira kafinta ya duba ƙashinta. In katakon maɗaci ne ko makamancinsa, sabon soso da sabon yadi kawai take bukata, kuɗin kuwa bai kai na sabuwa ba. Tebur da ya dushe, a goge shi da samfefa a shafa masa banish. Gadon ƙarfe na gado, fenti gwangwani guda ya ishe shi.

Mai sayen gwanjo ya je da rana, ya girgiza kayan, ya duba ƙananan ramuka da garin katako, alamar ƙwaro ke nan, ya kuma leƙa lungunan ɗinki saboda kuɗin cizo. Katifar da wani ya kwana a kai kam a haƙura da ita, wannan guda ɗaya a daure a sayi sabuwa.

Mai zaman haya kuwa ya tuna bangon ba nasa ba ne. Kada ya sa tayil ko silin sai sun yi magana da mai gidan a gaban shaidu cewa za a cire a kuɗin haya. Kuɗinsa ya tafi ga abin da zai iya naɗewa ya ɗora a mota ranar tashi.

A ƙarshe, maigida da uwargida su zauna su yanke abin da za su iya kashewa, su rubuta bukatu bi da bi, su ɗauki ɗaya a wannan wata, ɗaya a wata mai zuwa. Kwasar adashi guda tana iya yin fenti, ta gaba ta yi labule. Iyayen amarya da dangin ango su ma su sassauta wa juna, domin ba a taɓa jin kabet ya riƙe aure ba. Idan an share ɗaki, an gyara shimfiɗa, an ɗora turaren wuta a kasko, baƙo ba zai tambayi farashin kome ba, masu ɗakin kuma za su yi barci ba tare da fargabar sallamar mai bin bashi ba. Allah Ya rufa mana asiri, amin.