Tasowa a Hannun Uwa ko Uba Mai Lalurar Ɗabi'a

Lalurar ɗabi'a suna ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba yanayin da halin mutum, wato yadda yake tunani, yadda zuciyarsa ke tashi da kwanciya, da yadda yake zama da jama'a, ya kauce sosai daga abin da al'ummarsa ta saba da shi, ya ƙi lanƙwasuwa ko da zama ya sauya, har ya riƙa jawo wahala gare shi ko ga na kusa da shi. Takan fara bayyana tun mutum yana matashi, ta bi shi shekara da shekaru. Ta bambanta da ciwon damuwa, wanda kan zo ya lafa, ta kuma bambanta da abin da jama'a ke kira hauka. Mai ita yana cinikinsa a kasuwa, yana riƙe ofis, wani ma maƙwabta na yabon kirkinsa. Mutanen gida ne suka san nauyin abin, a cikinsu kuma 'ya'ya ne ba su da inda za su.

Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya kasa lalurar gida 10. Na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a Janairun 2022, ya ajiye wannan rabe-raben, ya koma auna tsanani: mai sauƙi, matsakaiciya, ko mai tsanani, sannan a faɗi halayen da suka fi rinjaye. Dalili shi ne da wuya a sami mutum ya tsaya cak a gida ɗaya. Yawanci an ɗebo nan an ɗebo can. Dole kuma a faɗi wani abu tun da wuri: ba duk mai wannan lalura ke cutar da 'ya'yansa ba, akwai masu fama da ita suna ƙoƙari iyakar ƙarfinsu, kuma da yawa daga masu cin zalin yara lafiyarsu ƙalau. Maganar a nan ta gidan da abubuwan biyu suka haɗu ce.

Nau'i uku ne suka fi taɓa rainon yara. Na farko shi ne na saurin juyewar zuciya, wanda tushensa mummunan tsoro ne kada a guje wa mutum. Uwa mai irin wannan hali, da safe ɗiyarta ce hasken idonta, da yamma kuma saboda ta daɗe a gidan ƙawa sai ta zama maƙiyiya, “dama ban haife ki ba.” Ba ta da tsaka-tsaki: mutum ko dai na kirki ne gaba ɗaya, ko mugu ne gaba ɗaya. Fushin kan zo ba sanarwa, wani lokaci da barazanar za ta kashe kanta, bayansa kuma kuka da runguma da neman a ce ana son ta. Son da take yi wa yaran na gaske ne, wannan ma shi ya sa abin ya fi rikita su.

Na biyu shi ne na ji da kai, inda mutum ke ƙishirwar yabo kuma ba ya iya sa kansa a matsayin wani. Wurin uba mai wannan hali, ɗa ado ne. In ya ci jarrabawa, jinin uban ne. In ya faɗi, ya zubar masa da mutunci a idon duniya. Irin wannan gida kan rabu biyu, ɗan mowa da ɗan bora, ko da uwarsu ɗaya: ɗaya ba ya laifi, ɗaya kuma duk abin da ya lalace a kansa yake ƙarewa. Shi ma na mowar bai tsira ba, don gatan nasa na nan ne muddin bai nuna yana da nasa ra'ayin ba, kuma 'yan uwan kan girma ba sa ga maciji da juna. Na uku shi ne na rashin damuwa da haƙƙin kowa: ƙarya, yaudara, mugun duka, ba nadama.

Lalurar ba daga sama take faɗowa ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da hannu, a nau'i na farko kusan kashi 40 cikin 100. Saura kuma na abin da mutum ya gamu da shi ne, kuma da yawa daga masu ita su ma an wulaƙanta su suna yara. Wannan bayani ne na yadda abin ya samo asali, amma bai sauke wa babba alhakin abin da ya yi wa ƙarami ba.

Abin da ya fi yi wa yaro illa a irin wannan gida sau da yawa ba zafin dukan ba ne, rashin sanin abin da zai jawo shi ne. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ya nuna cewa jariri na zuwa duniya da buƙatar manne wa mai renonsa, musamman idan ya tsorata. Mary Ainsworth, wadda ta fara nazarin uwaye da jarirai a ƙauyukan Yuganda a shekarun 1950, ta tsara hanyar gwada wannan shaƙuwa. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka bayyana wani rukuni na yara da ba su shiga ko ɗaya daga rukunan da aka riga aka sani a wannan gwaji ba: idan uwa ta fita ta dawo ɗaki, sai yaro ya nufe ta, ya tsaya ƙyam a tsakiya, ko ya matso yana kau da kai. An fi ganin haka a yaran da ake cin zalinsu. Wanda yaron zai ruga wurinsa neman tsira shi ne wanda yake gudu, don haka ba shi da mafita.

Da yaron ya ƙara wayo sai ya koyi karatun fuska, kamar manomi mai duban hadari. Daga yadda aka turo ƙofa, ko yadda aka amsa sallama, ya san irin daren da za a yi. Hankalin da ya kamata ya tafi wasa da karatu sai ya ƙare a gadi. Malamai a makaranta kan ɗauke shi daƙiƙi ko miskili, ko kuma su yaba natsuwarsa, alhali tsoro ne.

Akwai kuma wata illa da ba ta barin tabo a jiki. Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta yi bayanin gidan da ake ƙaryata abin da yaro ke ji: ya ce an ji masa ciwo a ce raki ne, ya tuna abin da aka yi jiya a ce “yaushe na yi haka? Ƙarya za ka yi mini?” Yaro ba ya iya yarda cewa wanda rayuwarsa ta rataya a kansa ne ke da matsala, ya fi masa sauƙi ya ɗauka shi ne mara kirki, don in laifin nasa ne akwai begen ya gyara. Da haka yake girma bai yarda da idonsa da tunaninsa ba. Wasu kuma, musamman manyan 'ya'ya mata, sai su zama su ne iyayen. Taimakon aikin gida abu ne da aka saba, amma 'yar shekara 10 da ke lallashin uwarta, tana ɓoye ƙanne idan uba ya shigo, tana sauraron sirrin auren iyayenta, an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Tasirin ba ya ƙarewa da ƙuruciya. Tsakanin 1995 da 1997, Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranci bincike a San Diego ta Amurka, inda aka tambayi manya sama da 17,000 wahalhalun da suka sha suna yara, ciki har da duka, zagi, da zama da mai lalurar ƙwaƙwalwa a gida. Sakamakon farko da aka wallafa a 1998 ya nuna wanda ya haɗu da nau'i 4 ko fiye na waɗannan wahalhalu, haɗarin ya faɗa shaye-shaye, ciwon damuwa ko yunƙurin kashe kansa ya ninka na wanda bai haɗu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12, kuma ciwon zuciya da na huhu ma sun fi yawa a cikinsu. Tun a 1992 Judith Herman ta ce firgicin da ke biyo bayan cutarwa ta shekaru, a wurin da mutum ba ya iya gudu, daban yake da na hatsarin rana ɗaya, kuma yanzu ICD-11 ya karɓe shi a matsayin lalura mai zaman kanta. A zaman yau da kullum ana gane mutanen da yawan ba da haƙuri kan abin da ba su yi ba, kasa cewa a'a, faɗuwar gaba idan an ɗaga murya, da zargin duk wanda ya kyautata musu. Wasu kan auri mai hali irin na gidan da suka fito, don shi suka sani.

A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya gano kusan yara 6 cikin 10 na fuskantar wani nau'in cin zali kafin su kai shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai ke samun taimako. Binciken bai auna lalurar iyaye ba, amma ya nuna yadda abin ke ɓuya. A ƙasar Hausa girman iyaye abu ne da ba a wasa da shi, kuma alheri ne mai yawa, sai dai mai wannan lalura kan mai da shi makami. “Zan yi maka baki,” ko “zan ɗaga maka nono,” magana ce da ke sa ƙato mai gemu rawar jiki. Yaron da ya kai kuka wurin dangi, abin da yakan ji shi ne tsakanin ɗa da mahaifi sai Allah, a yi haƙuri, kada a tona asirin gida. Idan halin ya yi yawa sai a ce sammu ne ko aljanu, ko a ɗora wa kishiya. Ana kuma cakuɗa cin zali da horo, alhali raba su ba wuya: horo yana da doka da yaro ya sani tun kafin ya karya ta, yana da iyaka, kuma in an gama an gama. Na mai lalura yana bin yanayin zuciyarsa ne, abin da aka yi wa dariya jiya shi ake yi wa bulala yau.

Duk da haka, ba a rubuta cewa yaron zai lalace ba. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a gidaje masu rikici da talauci, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya mai tsayayyen hali da ya damu da su: kaka, 'yar uwa, ko malami. Nan ne gidan Bahaushe ke da abin da gidajen Turai da yawa ba su da shi. Kaka, gwaggo, kawu da inna suna kusa, kuma al'adar riƙo hanya ce da aka saba ta ɗauke yaro daga gida ba tare da an kunyata kowa ba, muddin inda aka kai shi ba bauta aka kai shi ba. Ko ba a ɗauke shi ba, babba ɗaya ya ce masa “na ga abin da ya faru, ba laifinka ba ne” yana gyara abu mai yawa. Maganar cewa wanda aka zalunta dole ya zalunci nasa 'ya'yan ita ma ba ta tabbata ba. Joan Kaufman da Edward Zigler sun ƙiyasta a 1987 cewa kusan kashi 30 cikin 100 ne ke maimaitawa, wato mafi yawa ba sa yi.

Su ma iyayen ana iya taimaka musu. Babu ƙwayar da ke warkar da lalurar kanta, sai dai a ba da magani don damuwa ko rashin barci da ke tare da ita. Jiyyar ta zama ce da ƙwararre, irin tsarin DBT da Linehan ta fitar da littafinsa a 1993, mai koyar da danne fushi da jure ɓacin rai. Binciken da aka bi marasa lafiya shekara 10 a Amurka ya nuna yawancin masu nau'i na farko alamunsu na raguwa sosai. Nau'i na biyu da na uku sun fi wuya, don masu su ba sa ganin suna da matsala, balle su je asibiti. Shi ya sa 'ya'ya da yawa ba su taɓa jin sunan abin daga bakin likita ba. Liƙa wa mutum lalura daga abin da aka karanta a intanet kuskure ne, amma kare yaro ba ya jiran sai an sa wa cutar suna.

Ga waɗanda suka riga suka girma, tambayar da ta fi damun su ita ce yadda za su sauke haƙƙin iyaye ba tare da sun koma cikin wutar ba. Malaman addini sun daɗe da raba kyautata wa iyaye da yi musu biyayya a kan zalunci, sun kuma nuna cewa 'ya'ya ma na da haƙƙi a kan iyaye. A aikace, mutane kan ci gaba da aika abinci da kuɗin magani, su taƙaita zama idan sun je gaisuwa, su tafi da wani babba da ake jin nauyinsa, su daina kai sirrinsu inda za a juya shi a kansu, kuma kada su bar jikoki su kaɗai a wurin. Mai fama da firgici, rashin barci ko tunanin kashe kansa yana buƙatar likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, da na Dawanau a Kano, ga kuma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Idan yaro ne ke cikin haɗari a yanzu, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da makamantanta da jihohi suka yi sun ba jami'an walwalar jama'a da kotu ikon shiga tsakani, kuma dangi, maƙwabci ko malamin makaranta na iya kai rahoto.